Daɓen Ƙofar Ɗakin Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Anka, na taɓa ɗaukar wa ƙanwata alkawarin da ban san nauyinsa ba sai da na sa hannu. Alkawarin kuwa ba na wani babban abu ba ne. Daɓen siminti ne kawai, ɗan fili a ƙofar ɗakinta inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya zauna. Har yau idan na ga ana irin wannan aiki a gidan wani, sai na tsaya na ɗan kalla kafin in wuce.

Ƙanwata tana aure a 'Yargalma, ƙasar Bukkuyum. Mijinta manomi ne, mutum mai sanyin hali, ba ya da yawan magana. Da aka shiga neman zinari a yankinsu, shi ma ya shiga kamar kowa. Da rani yakan kwaso duwatsu a buhu ya kawo gida, a farfasa, a daka a tsakar gida, a kai niƙa. Babu wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen. Ƙurar ta bi ƙasa ta kwanta, yara kuwa a ƙasa suke rarrafe, kuma duk abin da hannunsu ya taɓa baki yake zuwa. A shekarar da cutar gubar dalmar ta fito fili, ƙanwata ta rasa 'ya'yanta biyu, namiji da mace, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan tsawaita a nan ba, don har yanzu ba na iyawa.

Bayan haka ma'aikatan lafiya suka zo. Aka kai yara asibiti, aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Aka hana daka dutse a cikin gari. Mijin ƙanwata ya bar harkar gaba ɗaya, ya koma gonarsa. Allah ya sa daga baya ta sake haihuwa, ta sami 'ya mace. Muka yi murna, muka ce an share hawaye.

Ni ban lura da komai ba. Mahaifiyarmu ce ta lura. Ta je ta yi musu kwana huɗu, ta dawo Anka ba ta da walwala. Na same ta da la'asar tana tsince shinkafa, na gaishe ta, na tambayi mutanen 'Yargalma.

Ta ce, "Suna lahiya. Amma wagga ɗiya ba ta san ƙasa ba."

Na ce, "Kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Awa yadda kaj ji. Shekara guda da wata uku, ba ta rarrahe, ba ta tsayuwa. Daga baya sai cinya, daga cinya sai gado. Ƙanwarka da ita ta ka daka, da ita ta ka ɗibar ruwa, da ita ta ka tuƙa tuwo. Bayanta har ya yi gyambo wurin ɗaurin zane. Ƙahwahun ɗiyar nan kuwa laɓa-laɓa, awa ba na mai rai ba."

Ranar Asabar na hau motar Gummi, na sauka a hanya, na nemi ɗan acaɓa ya shiga da ni ta hanyar ƙasa. Da yake ni malamin makaranta ne, kuma babban wa, na tafi da jawabina a shirye. Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce an kwashe tsohuwar ƙasa, an auna sabuwar da na'ura an ce ba ta da komai, ga 'ya'yan maƙwabta nan suna wasa lafiya lau. Na ce yaro idan bai taka ƙasa ba ƙashinsa ba ya ƙwari. Har da kawo misalai. Ta saurare ni har na gama, yarinyar tana goye tana wasa da kunnenta.

Sai ta ce, "Yaya, duk abin da kac ce gaskiya na. Na sani. Amma in na duƙa zan aje ta, hannuna ba shi sakinta."

Nan jawabina ya ƙare. Na duba tsakar gidan, na ga an share shi tas, jar ƙasa sabuwa, babu ko tsinke. Don kada in tashi ban ce komai ba, sai na ce, "To in an yi miki daɓen siminti fa? Wanda za ki wanke da ruwa ki ga ya fita?"

Ta ɗago kai ta dube ni. Rabon da in ga idonta ya yi haka, tun kafin rasuwar yaran. Ta ce, "Ana yi?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ana yi mana. Aikin kwana biyu ne. Bar shi a hannuna."

Na koma Anka na buɗe bayan littafin shirya darasi na zana taswira da rula. Na taɓa shiga gidan wani mai hali a Gusau na ga an jera ƙananan bulo masu launi a tsakar gida, irin wanda ake kira intalok, sai na ce irinsa zan yi wa ƙanwata. Na yi lissafina irin na malamin aji huɗu, na ga rabin albashina zai isa har a sami canji. A lokacin ina cikin wani adashi da nake son in sayi babur da shi. Ban ko kawo a raina cewa zan taɓa shi ba.

Wani abokina ya haɗa ni da wani tsohon magini a unguwarsu, dattijo mai farin gemu da ƙaramar hula, wanda kowa ke kira Baba. Na miƙa masa taswirata ina jin kaina. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini abata.

Ya ce, "Malam, zanen ya yi kyau. Amma ni ban iya yanke kuɗin aikin da ban taka wurin da ƙahwata ba. Mu tahi in gani."

Muka je wata Asabar. Tun a hanya darasina ya fara. Duk ramin da babur ɗin haya ya faɗa, sai Baba ya ce, "Ka ji wanga? Kuɗi na." Na ɗauka zolaya ce. Ya ce buhun siminti kuɗinsa ɗaya ne a bakin shago, amma kafin ya iso ƙauye ta irin wannan hanya ya zama wani abu dabam, don mai mota ba nisa kaɗai yake dubawa ba, har da tayarsa.

Da muka isa, mijin ƙanwata ya tarbe mu ya shigar da mu. Baba ya gaisa da ita daga nesa, ya tambaye ta inda take so. Ta nuna ƙofar ɗakinta. Ya cire takalmi ya taka wurin, ya danna diddige, ya ce a ba shi ruwa a buta. Ya zuba a ƙasa ya tsaya yana kallon inda ruwan ya nufa. Ruwan ya gangaro ya taru daidai bakin ƙofa.

Ya ce, "Nan ne kwarin gidan. In anka yi daɓe haka nan, da damina tabki za ku samu. Sai an yi ciko an ɗaga shi, a yi mashi gangara ruwa shi bi waje. Sannan wagga ƙasa sabuwa ta, ba ta zauna ba. In ka zuba siminti bisanta, baɗi war haka ka gan shi ya tsage. Sai an haƙe, an zuba marmara, an dake ta da kyau."

Na ce to intalok fa? Ya yi murmushi. Ya ce shi intalok a kan yashi ake jera shi, kuma tsakanin bulo da bulo ƙasa tana fitowa. Ya dubi ƙanwata ya dube ni. Nan take na nannaɗe taswirata na sa aljihu.

Bai tsaya nan ba. Ya duba sama ya tambayi ta ina rana take faɗowa da hantsi. Ya ce siminti a rana wuta ne, babba ma ba ya iya taka shi da azahar balle jinjira, don haka daɓe ba rumfa aikin banza ne. Ya tambayi inda ake ɗebo ruwa, aka ce sai bayan gari. Ya ce aikin siminti yana shan ruwa fiye da shanu, kuma bayan an gama sai an yi mako ana ba shi ruwa safe da yamma. Kowace magana ya yi, sai in ji rabin albashin nan nawa yana ƙanƙancewa.

Sai aka zo maganar yashi. Baba ya ce wannan kam da sauƙi, ya ga rafi a bayan gari da muna shigowa, amalanke biyu ta isa.

Sai ƙanwata ta ce, "A'a."

Muka juya gaba ɗaya.

Ta ce, "Can sunka riƙa wanke dutsin. Ban son yashin nan. Ban son marmarar kusa. Ban son komi na wanga gari cikin shi."

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na riga na san abin da ɗauko yashi daga nesa yake nufi. Na buɗe baki zan sake jawabi, sai Baba ya ɗaga mini hannu. Ya tsuguna daga inda yake, ya yi mata magana a hankali kamar 'yarsa.

Ya ce, "Ɗiyata, yashin ina kika yarda da shi?"

Ta ce, "Na gulbin wajen Gummi. Inda munka yi wanki muna yara in mun je wurin gwaggo."

Ya ce, "To shi za a kawo. Ruwan kwaɓi fa?"

Ta ce, "Na famfon burtsatse."

Ya ce, "An gama."

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ka san kuɗin tifa daga Gummi zuwa nan kuwa? Me ya sa ba ka lallashe ta ba? Ai ba duk rafin ne ya lalace ba."

Ya ce, "Malam, wa ka yi ma wanga aiki? In don kanka na, ga yashi nan kyauta. In don ta aje ɗiyar ta na, to ko da zinari ka shafe shi, in zuciyatta ba ta kwanta ba, ba ta aje ta. Ka biya sau ɗaya ya fi ka biya ka kuma rasa."

Da ya faɗi jimillar abin da aikin zai ci, sai da na nemi bakin shagon wani mai shayi na zauna. Ya ninka lissafina sau shida, har da ɗoriya. Na je na gaya wa Inna, ina sa ran ta tausaya mini. Ta yi dariya har tana share ido. Ta ce a zamaninsu mata ne ke taruwa su yi daɓe da maɗaɓi da makuba, ana waƙa, ladarsu ƙwaryar fura. Sannan ta ce, "Amma kai kab bugi ƙirji, ba ni ba." Da zan fita ta kira ni, ta ce tunkiyarta da ke wurin kiwo a sayar a ƙara. Na ce a'a. Ta ce ba shawarata take nema ba.

Na ɗauki adashina na zuba. Babur ya sha ruwa, na ci gaba da taka tsohon kekena wata shekara guda, ɗalibaina suna yi mini dariya idan sarƙa ta zame. Duk da haka kuɗin ba su kai ba. Baba ya zauna da ni muka rage abin da za a rage. Ya ce faɗin da na zana na filin ƙwallo ne, yarinya ba ta buƙatar haka, taku shida a taku biyar ya isa. Ya ce rumfar kwano a bar ta, a yi ta zana da karan dawa, ta ma fi sanyi. Amma kaurin siminti da ciko ya ce ba zai taɓa ba, ko zan yi fushi. Abin da ya rage mai nauyi shi ne leburori da jigila, don direban tifa ya ce iyakarsa inda hanya ta fara lalacewa, ba zai shiga gari ba. Ga shi bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka kuwa hanyar ta rufe sai kaka.

Ana cikin haka mijin ƙanwata ya zo Anka ya same ni a makaranta. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Muka tsaya a gindin dalbejiya, yana ta murza hularsa a hannu. Na ɗauka ya ji haushi ne na shiga gidansa ina gini ba tare da na nemi izninsa yadda ya kamata ba, don gaskiya ban nema ba. Na fara ba shi haƙuri.

Ya ce, "Ba shi na ba, Malam. Kada ka ɗauki lebura. Ni zan yi."

Na ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ga sharar gona ta zo.

Ya ce, "Ni nik kawo dutsin nan gida da kaina. Bisa kaina nid ɗauko shi. Ka bar ni in ɗauko wanga ma."

Sai a ranar na tuna shi ma uba ne, shi ma 'ya'ya biyu ya binne. Duk tsawon lokacin nan ƙanwata muke dubawa, babu wanda ya tambaye shi yadda yake kwana. Inna ta taɓa gaya mini cewa tun bayan rasuwar, magana tsakaninsa da matarsa ba ta wuce ga abinci, ga ruwan wanka. Ba faɗa suke ba. Ita ba ta taɓa ce masa laifinsa ne ba, shi kuma bai taɓa ce mata ta yafe masa ba. Haka suka zauna.

Tifa ta juye yashi da marmara a bakin hanya. Mijin ya ari amalanke da shanu biyu a wurin wani Bafulatani maƙwabcinsu, wanda ya ce ba zai karɓi ko sisi ba, a dai ba shanun ruwa. Kwana tara yana jigila. Ya haƙe ƙofar ɗakin da diga shi kaɗai, ya kwashe ƙasar a baro ya kai bayan gari. Ya zuba marmara, ya yayyafa ruwa, ya dake ta da guntun turmi har tafin hannunsa ya fashe. Baba, wanda ba ya yabon aikin kowa, ya taka wurin ya ce ko a Gusau bai ga ciko irin wannan ba.

Na je ranar da za a zuba siminti. Zafi ake kamar me. Baba yana shafe da cokalinsa na gini, mijin yana kwaɓi yana miƙa masa, ni kuma an ba ni riƙon igiya, don Baba ya ce iyakar abin da hannun alli zai iya ke nan. Wajen azahar mijin ya miƙe zai gyara tsayuwa, sai jiri ya ɗebe shi ya dafa bango. Kafin in motsa, na ga ƙanwata ta fito daga madafa da kwanon sha, yarinyar a bayanta. Da can ajiye masa take a ƙasa ta juya. Ranar ta miƙa masa a hannu, ta tsaya har ya shanye. Ta kama tafin hannunsa ta duba, ta ce, "Sannu. Ka bari in sa maka man shanu in an jima."

Ya ce, "To."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Baba ya sunkuyar da kai yana shafa wurin da ya riga ya shafe, ni kuma na ƙura wa igiyata ido kamar za ta gudu.

Aka gama, aka lulluɓe da tsofaffin buhuna. Mako guda mijin yana ɗebo ruwan burtsatse safe da yamma yana shayar da shi. Aka kafa rumfa. Kwana biyu da gamawa aka yi ruwan farko, Baba ya sa na kira na tambaya ko ruwa ya kwanta. Aka ce ko ɗigo, duk ya bi gangara ya fita.

Asabar ta gaba na ɗauki Inna muka tafi. Mun isa da hantsi, muka tarar ƙanwata ta wanke daɓen har sau uku, da sabulu. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora zane a kan tabarmar, ta zauna da yarinyar a cinya. Muka gaisa, muka sha fura, muka yi hira. Yarinyar tana cinya. Aka yi sa'a guda, tana cinya. Na ji jawabi yana taso mini a maƙogwaro, Inna ta harare ni na haɗiye shi.

Can sai Inna ta tashi daga tabarma, ta koma kan simintin tsura ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Ta shafa shi da hannu ta ce, "Kai, sanyi." Sannan ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni ƙawata mu gaisa."

Ƙanwata ta miƙa mata. Inna ta rungume ta, ta yi mata wasa, tana zolayarta wai ta fi ta kyau. A hankali, tana magana tana sassauta hannu, har ƙafafun yarinyar suka taɓa daɓen. Yarinyar ta naɗe ƙafa sama da sauri kamar kyanwa ta taka ruwa. Inna ta sake saukar da ita. Ta sake naɗewa. A karo na uku ta bari, Inna ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta janye hannu.

Mijin yana tsaye a bakin zaure, bai shigo ba bai fita ba. Yarinyar ta dubi wannan abu mai faɗi da ba ta taɓa gani kusa haka ba. Ta ɗora tafin hannu a kai. Ta ɗaga ta buga, ya yi ƙara. Ta sake bugawa, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta yi ta bugawa da hannu biyu.

Sai ta ɗauki hannun ta kai baki.

Na ga ƙanwata ta zabura. Hannunta ya miƙe zai fizge na yarinyar, ya kai rabi, ya tsaya. Yarinyar tana tsotsar yatsunta tana kallon uwarta, tana jiran a yi mata dariya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. A ƙarshe ƙanwata ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Mijin ya taho ya tsuguna kusa da ita. Bai taɓa ta ba, don muna wurin, amma bai tashi ba. Inna ta ce mini, "Tashi ka duba mani ko akuyar can ta kwance." Babu wata akuya. Na fita na tsaya a bayan gida na yi nawa kukan.

Ba ranar ta yi rarrafe ba, kada in yi muku ƙarya. Sai da ta yi makonni tana jan gindi, sannan ta fara rarrafe, sannan ta fara kama ginshiƙin rumfa tana miƙewa. An kai ta asibiti an duba jininta, aka ce lafiya lau, ƙafafun ma motsa su kawai suke so. Damina ta yi tsakiya, hanya ta yanke, na yi wata biyu ban je ba. Wata safiya ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Mijin ne, ya hau tudun da suke hawa su sami sabis, iska tana kaɗa muryarsa.

Ya ce, "Malam, ta tashi! Taku huɗu! Daga wurin uwatta har wurina!"

Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har 'yan aji suka amsa da amin ba su san dalili ba.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ni na je da hujja, kuma hujjata gaskiya ce, amma ba ta sauke yarinyar daga baya ba. Tsohon maginin nan bai yi karatun boko ba, amma bai taɓa ce wa ƙanwata tsoronta ba shi da tushe ba. Ya tambaye ta abin da za ta iya yarda da shi, ya sa shi cikin aikin kamar yadda ya sa gangara da ciko, ya faɗa mini kuɗinsa. Tun daga lokacin, idan ɗalibi ya ƙi abu don tsoro, na rage yi masa dogon bayani. Nakan tambaye shi me zai sa ya iya. Ba kullum nake tunawa ba, halin malanta ba ya barin mutum, amma ina ƙoƙari. Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa. Na je gaisuwa, na rasa yadda zan bayyana wa 'ya'yansa abin da ya yi mana, sai kawai na ce ya taɓa yi mana aiki mai kyau.

Zuwana na ƙarshe gidan, yarinyar ta girma, ta shiga makaranta, ta sami ƙanne biyu. Daɓen yana nan, ya ɗan tsage a kusurwa ɗaya, an shanya kuɓewa a kai. Ina zaune muna hira da ƙanwata tana tankaɗe, sai ga yarinyar ta shigo a guje daga waje, ta yi buɗu-buɗu da ƙasa har gira, sun gama wasan 'yar gala-gala da ƙawayenta. Ta gaishe ni a tsaitsaye, ta nufi kwanon ɗumame. Na saci kallon uwarta.

Ta ce, "Ke, wanke hannu tukuna, da sabulu."

Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce, "Yaya, ina jinka, mi kac ce Inna ta ce?"